Tsohon Kwampreso: Abubuwan Ban Mamaki 25 A Taƙaice

A wurin masu faci, a garejin masu fentin mota, a shagon kafintocin zamani, ƙarar kwampreso ba ta yankewa. Da yawa daga cikin waɗannan injuna 'yan gwanjo ne. Sun ci zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su iso Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, wasu ma sun girmi masu su. Sau tari allon sunan ya faɗi, ƙura da baƙin mai sun rufe komai, mai shi bai san wanda ya ƙera ba balle ya nemi kayan gyara. Amma tsohon kai, wato famfon nan da ke zaune bisa tanki, ba ya saurin mutuwa, kuma yana faɗin asalinsa ga wanda ya iya duba. Ga kaɗan daga cikin sirrinsa.

1. Aikin zuga-zugi yake yi
Duk girman kwampreso mai fistin, abu uku yake yi: ya zuƙi iska, ya toshe mata hanyar komawa, ya tura ta gaba. Abin da yaron maƙeri ke yi da zuga-zugi ke nan. Bambancin kawai, kwampreso yana tattara iskar da za ta cika lita 9 ya cusa ta a lita 1, kuma abin da geji ke nufi ke nan idan ya nuna bar 8. Robert Boyle ɗan Ailan ya bayyana ƙa'idar tun 1662: a rage wa iska wuri da rabi, matsinta ya ninka.

2. Girman silinda yana faɗin ajinsa
Idan kai yana da silinda biyu masu girma ɗaya, kowace da matatar iskarta, to mai hawa ɗaya ne, ƙarfinsa kan tsaya wajen PSI 125 zuwa 135. Idan ɗaya babba ce ɗaya ƙarama, da wani bututu mai fuka-fukai a tsakaninsu, to mai hawa biyu ne. Babbar ta matse iska ta miƙa wa ƙaramar, bututun ya sanyaya ta a hanya, ƙaramar ta ƙara matsewa har PSI 175. Ba sai an kwance noti ko ɗaya ba ake gane wannan.

3. Sunan da ke jikin tanki yana iya zama na ɗan kasuwa
Shagon Sears na Amurka ya sayar da kwampreso masu tarin yawa da sunan Craftsman, alhali ba shi ke ƙera su ba. Lambobi uku na farko a lambar samfurin su ke tona asiri: 919 na nufin DeVilbiss ne ya yi, 106 kuma Campbell Hausfeld. Haka sunan Speedaire mallakar dillalan Grainger ne, masana'antu daban-daban ke yi musu. Wanda ya je neman kayan gyara da sunan da aka manna kawai zai sha yawo. A kan tsohon inji ma, sau da yawa tanki daga wani gida yake, kai daga wani, injin da ke juya shi daga na uku.

4. Lambar zubi ba ta gogewa
Allon suna ɗan alminiyam ne ko tagulla da aka kafe da ƙananan ƙusoshi, yana iya ɓallewa. Amma lambobin da aka zuba tare da ƙarfen tun a masana'anta suna nan a jikin silinda, da murfin sama, da babban fuli, da tukunyar mai. Kananzir da burushin waya sun isa su fito da su. Ko ramukan ƙusoshin allon da ya faɗi suna nuna girmansa da siffarsa. Kamfanin Quincy ya ƙara wani abu: bayan lambar samfuri, kamar 325, akwai wata lamba da ke nuna karo na nawa aka sauya ƙirar. Kawuna biyu masu lamba 325 suna iya ƙin karɓar bawul ɗin juna saboda ita.

5. Sifana tana gane ƙasa
Idan 13 da 17 da 19 sun zauna daram, injin daga Jamus, Italiya, Japan ko Sin ya fito. Idan sai mai rabin inci ko 9/16, ɗan Amurka ne. Idan duk sun ƙi, wannan ta yi sako-sako waccan ta ƙi shiga, a yi zaton tsohon ɗan Ingila ne irin su Broom & Wade, mai ma'aunin da Joseph Whitworth ya tsara a 1841. Abin dariya da sifanar Whitworth shi ne lambar da ke jikinta kaurin ƙarfen notin take faɗi, ba faɗin kansa ba.

6. Zaren da ke yaudara
Zaren bututun Amurka yana da kusurwa digiri 60, na Ingila digiri 55. A bututu mai rabin inci dukansu zare 14 ne a kowane inci, don haka sai su shiga juna kamar abin arziki, a ɗaure, iska ta riƙa tsiyaya ba a san dalili ba. A mai kwata inci kuwa na Amurka 18 ne, na Ingila 19, sai ya cije bayan zagaye biyu ko uku. Wanda ya sa ƙarfi a nan ya tsaga murfin da ba a samun irinsa a kasuwa.

7. Boris ba shi da ƙabila
Ko kamfanin da ya ƙera kai ya rufe shekara hamsin da suka wuce, boris ɗinsa yana nan a kasuwa, domin ma'auninsa na duniya ne. Mai lamba 6205 ramin cikinsa milimita 25 ne, faɗinsa 52, kaurinsa 15, ko wa ya yi shi. A irin wannan jeri, a ninka lambobi biyu na ƙarshe sau 5, girman ramin ya fito. Manyan kawunan Amurka kuwa sun fi amfani da boris mai tsini, wanda Henry Timken ya yi wa rajista a 1898, shi ma lambarsa na jikinsa.

8. Ƙirar kakanni da har yau ake sayarwa
Ingersoll Rand ya fito da samfurin Type 30 a 1929. Quincy ya fito da QR-25 a 1937. Har yanzu ana ƙera su sababbi, da 'yan sauye-sauye. Sirrin daɗewarsu bai wuce biyu ba: ƙarfen zubi mai kauri, da tafiya a hankali. Irin waɗannan kawuna suna juyawa sau 600 zuwa 900 a minti, yayin da ƙananan na zamani marasa mai ke yin 1,700 ko ma sama da 3,000. Mai gudu ya fi zafi, ya fi ƙara, ya fi saurin cinyewa. Da tsohuwar zuma ake magani.

9. Likita ne ya haifi injin fenti
Allen DeVilbiss likitan hanci da maƙogwaro ne a birnin Toledo na jihar Ohayo. A 1888 ya kafa kamfanin ƙera ɗan abin fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya. Ɗansa Thomas ya juya dabarar zuwa bindigar fesa fenti a 1907, daga nan buƙatar kwampreso ta biyo baya. Wasu kamfanonin ma ba da kwampreso suka fara ba: Campbell Hausfeld ya soma a 1836 da kekunan doki da kayan noma. Atlas na ƙasar Suwidin, wanda ya zama Atlas Copco, kayan jirgin ƙasa ya fara ƙerawa a 1873.

10. Rula kaɗai ta isa a san ƙarfinsa
A cire murfin sama, a auna faɗin silinda da nisan tafiyar fistin daga ƙasa zuwa sama. Silinda mai faɗin santimita 7.5 da tafiya santimita 6 tana ɗibar kimanin kwatar lita da ɗan ɗoriya a kowane bugu. Biyu irinta, sau 800 a minti, lita 424 ke nan a takarda. Abin da ke isa tanki bai kai haka ba, yakan tsaya wajen kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu. A mai hawa biyu, babbar silinda kaɗai ake lissafawa, domin ƙaramar iskar da aka riga aka zuƙa take sake matsewa.

11. Agogon hannu yana tona lafiyarsa
Tanki mai lita 200 da aka cika daga babu komai zuwa bar 8 ya haɗiye iska lita 1,600. Idan minti 5 ya ɗauka, kan yana ba da lita 320 a minti. A kwatanta da lissafin rula na sama. Idan tazarar ta yi yawa, akwai ciwo a ciki. Wannan gwaji ya fi sauraron ƙara ko rantsuwar mai sayarwa, kuma yana da kyau a maimaita shi bayan gyara don a ga ko kuɗin da aka kashe ya yi rana.

12. Ɗan ƙarfe sirit ne yakan kwantar da shi
Mutane kan ɗora laifi kan fistin da ringi, alhali mafi yawan lokaci bawul ne. A ƙananan kawuna wani fallen ƙarfe ne sirit mai lanƙwasuwa, a manya kuma faifai ne da sifirin a bayansa. Ba abin da ke buɗe shi sai iskar kanta. A kai mai juyi 800 a minti, yana buɗewa ya rufe sau 48,000 a awa guda. Alamar lalacewarsa a fili take: a sa tafin hannu a bakin da iska ke shiga, idan maimakon zuƙa ana jin yana huro iska waje, bawul ɗin shiga ya tafi. Idan murfi yana zafi fiye da ƙima kuma geji ya ƙi hawa, a duba na fita.

13. Mai bawul ya ce wata ƙanƙara ne
Injiniyan Ostiriya Hanns Hörbiger shi ya ƙirƙiro bawul mai faifan ƙarfe a tsakiyar shekarun 1890, don manyan injunan hura iska a masana'antar narka ƙarfe. Dabarar ta yi kyau har kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana nan yana ƙera bawul. Amma mutumin ya fi alfahari da wani abu dabam. A 1913 aka buga littafin da ke ɗauke da ra'ayinsa cewa ƙanƙara ce ginshiƙin sararin samaniya, wata ma lulluɓe yake da ita. Masana sun yi watsi da zancen, 'yan Nazi a Jamus suka rungume shi. Ra'ayin ya bi ruwa, bawul ya rayu.

14. Gilashin taga kayan aiki ne
Mazaunin bawul da ya yi tabo ba sai an kai shi wurin masu injin sassaƙa ƙarfe ba. A shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, a ɗiga ɗan mai, a riƙa goga ƙarfen ana zana lamba 8 har fuskarsa ta yi sumul bai ɗaya. Gasket ma ana yanka shi da hannu: a ɗora takardarsa a kan ƙarfen, a bi gefe-gefe da ƙaramar guduma mai zagayayyen kai. Sai dai kauri yana da muhimmanci. Gasket mai kauri yana barin fili tsakanin fistin da murfi, iskar da ta maƙale a nan ba ta fita, kai ya rage ƙwazo. Tsofaffin gasket kuma da yawa akwai asbestos a cikinsu, a jiƙa su kafin a kankare, kada a shaƙi ƙurar.

15. Ringi yana son a bar masa baki
Injiniyan jirgin ƙasa John Ramsbottom na Ingila ya ƙirƙiro zoben fistin mai tsaga a 1852, kuma har yau ba a samu abin da ya maye gurbinsa ba. Tsagar nan ba kuskure ba ce, wurin da ƙarfe zai miƙe ne idan ya yi zafi. Kanikawa kan bar kusan milimita 0.1 ga kowane inci na faɗin silinda. Ba a jera bakunan ringi a layi ɗaya, ana karkasa su. Wanda ke da ɗigo ko rubutu a fuska ɗaya, fuskar ce ke kallon sama. A kifa shi, ya riƙa kwaso mai yana turawa cikin tanki. Kuma sabon ringi ba ya zama a silinda mai sheƙi, sai an ɗan karce bangonta da dutsen gogawa.

16. Babban fuli fanka ne
Hannayen babban fulin a karkace suke da gangan, domin su hura iska a kan silinda. Shi ya sa akwai kibiya a jikinsa. A juya shi baya, kan zai ci gaba da ba da iska kamar ba komai, amma yana dahuwa a hankali. A kawunan da ke da famfon mai, juyin baya yana iya hana mai hawa gaba ɗaya. Ƙananan kuwa ba su da famfo: wani ɗan ƙarfe ne a gindin sandar fistin ke tsoma kai cikin mai yana fantsama shi. Wurin cire fulin, a nemi abin ja na musamman. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, guduma ɗaya ta isa ta tsaga shi.

17. Man mota ba nasa ba ne
Man injin mota yana da sinadaran wanki da ke riƙe datti yana yawo har filta ta kama shi. Yawancin tsofaffin kwampreso ba su da filtar mai, sun fi son datti ya kwanta a ƙasa. Sinadaran kuma suna ƙonewa su bar baƙin gawayi a kan bawul. Abin da ya dace shi ne man kwampreso, ko mai marar sinadarin wanki mai lamba 30. Idan mai ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, galibi don injin ba ya yin aiki mai tsawon da zai yi zafi ya kori danshi.

18. Iska kaɗai tana kunna wuta
Iskar da ke fita daga kai mai hawa ɗaya takan wuce digiri 150 a ma'aunin Salshiyos. Mutanen Borniyo da Filifin sun daɗe da sanin haka: suna da ɗan bututun katako ko ƙaho da fistin, a sa abin kama wuta a ciki, a buga da ƙarfi sau ɗaya, garwashi ya kama. Injin dizal ma da haka yake tashi, ba shi da fulogi. Saboda haka wanda ya wanke silinda ko matatar iska da fetur ya haɗa ya tayar, ya mai da kwampreso injin dizal ba da niyya ba. Kusan duk wutar da kwampreso ke ci, zafi take komawa.

19. Ɗan Amurka yana rage gudu a nan
Wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Gana sau 50. Injin lantarkin da aka rubuta masa juyi 1,750 a can, a nan wajen 1,450 zai yi. Kashi ɗaya cikin shida na iskar ya tafi ba tare da wani abu ya lalace ba. Lissafin fuli kuma mai sauƙi ne: a ninka gudun injin da faɗin ƙaramin fuli, a raba da faɗin babba. Inji mai juyi 2,850 da fuli santimita 10, a kan babba mai 40, zai juya kai sau 712. Masu ɗora wa tsohon kai injin fetur ba tare da wannan lissafi ba su ne ke ƙone shi a wata guda.

20. Dokin da ba ya nan
Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Soket ɗin gidan Amurka mai bolt 120 da amfiya 15 ba ya wuce wat 1,800, ƙasa da doki biyu da rabi. Duk da haka an yi zamanin da ake sayar da ƙananan kwampreso masu shiga wannan soket an rubuta musu doki 5 ko 6 da manyan baƙaƙe. Tsohon inji mai doki 5 na gaskiya, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. A duba amfiyan da ke kan allon, ita ba ta ƙarya. Doki ɗaya na gaske yana ba da iska kimanin lita 100 zuwa 115 a minti.

21. Tsakin ƙarshe alheri ne
Ɗan fitar iskar da ake ji idan kwampreso ya tsaya ba yoyo ba ne. Wani ƙaramin bawul ne ke zubar da iskar da ta rage tsakanin kai da tanki, don injin ya tashi ba kaya a kansa. Idan babu wannan tsaki, injin zai riƙa gurnani ya kasa tashi. Idan kuma tsakin ya ƙi ƙarewa, laifin ba nasa ba ne, bawul ɗin bakin tanki mai hana iska dawowa ne ke yoyo. Mutane da yawa sun sayi sabon injin lantarki saboda wannan ɗan abu.

22. Jos, hunturu da damina
A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iska ta fi ta Legas sirantaka da kashi 12 zuwa 13 cikin 100, don haka kai ɗaya zai fi jinkirin cika tanki a can. Da hunturu, ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana shiga silinda ta haɗu da mai ta riƙa cin ƙarfe, ga wanda ya cire matata. Da damina kuwa ruwa ne abokin gaba. A zafin digiri 30 da danshi kashi 80, kai mai zuƙar lita 400 a minti yana iya tara kusan rabin lita na ruwa a tanki cikin awa ɗaya ta aiki.

23. Rabi inji, rabi famfo
An yi kwampreso da injin mota tsurarsa. A injin Volkswagen Beetle mai silinda 4, sai a bar biyu suna cin fetur, a sauya wa biyu murfi su riƙa matse iska. An yi haka da injunan Ford a Amurka, har da masu silinda 8, huɗu na ja huɗu na turawa. An kuma sayar da wata 'yar tiyo da ake cire fulogi ɗaya a ɗaura ta a gurbinsa, a tayar da mota, a ba taya iska. Masu faci da ke ɗora kan kwampreson birkin tirela a kan tanki suna da magabata a wannan hikima.

24. Iskar da ta huda dutse, ta juya agogo, ta tsayar da jirgi
Ramin jirgin ƙasa na Fréjus tsakanin Faransa da Italiya, mai tsawon kusan kilomita 13, an fara shi a 1857 da hannu, aka gama a 1871 bayan Germain Sommeiller ya kawo injunan huda dutse masu aiki da iska. A Faris, daga 1880, bugun iska ɗaya a kowane minti ta bututun ƙarƙashin ƙasa ke tura hannun agogunan titi. George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska na jirgin ƙasa a 1869 yana ɗan shekara 22, a 1872 ya juya dabarar yadda idan iska ta tsere birki zai kama da kansa. Irin wannan dabara ce ta sa har yau direban tirela ke jiran iska ta taru kafin ya ja. A Ragged Chutes ta Kanada kuma, a 1910, an gina kwampreso marar fistin ko bawul: ruwan kogi ke faɗawa rami mai zurfin sama da mita 100 yana jan kumfar iska, iskar ta taru a kogon ƙasa a matse, a tura ta mahaƙar azurfa.

25. Tan 12 a bayan murfi
A bar 10, kowane murabba'in santimita na tanki yana ɗauke da nauyin kusan kilo 10. Murfin tanki mai faɗin santimita 40 yana tokare da sama da tan 12. Tsatsa kuwa daga ciki take ci, a ƙasa inda ruwa ke kwanciya, waje yana ƙyalli da sabon fenti. Masu gwajin tanki ruwa suke cika shi da shi su matsa, domin ruwa ba ya matsuwa: idan ƙarfe ya gaza, tsiyaya zai yi, da iska kuwa tarwatsewa. Dokokin wannan fanni da jini aka rubuta su. Fashewar tukunyar tururi a masana'antar takalma ta Grover a jihar Masacusets a 1905 ta kashe mutum 58, ta kuma taimaka wajen haifar da ƙa'idar injiniyoyin Amurka ta 1914, wadda daga baya ta haɗa da tankunan iska. Ɗan bawul mai zobe da ke saman tanki, wanda wasu ke toshewa da noti don yana damunsu, jikan wanda Denis Papin na Faransa ya sa wa tukunyarsa ta matsi ne tun wajen 1679.

Saboda haka, mai karatu, idan tsohon kai ya faɗo hannunka, kada ka yi saurin kai shi wurin 'yan gwangwan. Wanke shi, karanta lambobinsa, auna shi, duba bawul kafin komai. Sau da yawa gasket da ringi da mai mai kyau sun isa su dawo da shi aiki na wasu shekaru. Amma tankin da ya huje ko ya yi tsatsa a gindi ba a yi masa walda, ba a yi masa faci. A huda shi yadda wani ba zai sake amfani da shi ba, a sayi wani, a kuma riƙa zubar da ruwansa kullum bayan an tashi daga aiki.